Fiyano ya yi shiru ana tsakiyar biki: laifin wuta ne ko na mai kaya?

Duk uwar biki da ta taɓa ɗauko masu kiɗan fiyano a ƙauyukanmu, tun daga Kwaya har Magarya da Dungas, ta san irin faɗuwar gaban da ake yi idan kiɗa ya ɗauke ana tsakiyar liƙi. Ta riga ta ba da kuɗin kafin alƙalami, mai kaya na zufa, mata kuma sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ga shi yanzu akwai 'yan kasuwa, har da mata, da ke zuba kuɗin adashinsu su sayi fiyano da lasifika domin ba da haya. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba inda gizo ke saƙar.

Wannan kiɗa dai daga Kano ya yaɗu, tun cikin shekarun 1990, lokacin da masu waƙoƙin finafinan Hausa suka rungumi Yamaha samfurin PSR. A ƙasashen waje akwai wani irin fiyano mai ruwa biyu, jikinsa katako da tsirkiya da 'yan guduma, cikinsa kuma na'urar lantarki, kamar wanda Yamaha ke kira Silent. Irinsa ba ya son bushewar hunturu, domin katako na tsukewa, sauti ya karkace. A nan wajenmu dai na roba ne ke yawo a bayan babur, amma cutar wuta iri ɗaya ce.

Babban mai kashe fiyano shi ne adafta. Ƙananan PSR galibi wuta mai ƙarfin bolt 12 suke ci, manyan kuma 16. Tsofaffin Casio da dama 9 suke so, kuma bakin wayarsu a juye yake da na Yamaha. To, sai ka ga yaro ya ɓatar da adaftar asali, ya ɗauko ta rediyo ko ta dikoda don kawai bakin ya shiga. Shigar baki ba ita ce dacewa ba. A jikin fiyanon, daidai ramin wuta, an rubuta abin da yake buƙata, a jikin adafta ma haka, kuma dole lambobin da alamar su zo ɗaya. Masu sayen na hannu su ƙara lura, domin kayan da suka fito daga Amurka adaftarsu ta wuta 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. Jonawa ɗaya, sai ƙauri.

Sai ita kanta wutar. Tun da jimawa kuran ɗin yankin Maraɗi da Damagaram ya dogara da layin da ya fito daga Najeriya, kuma ba mu manta da 2023 ba, lokacin da aka yanke shi bayan juyin mulkin watan Yuli, sai a 2024 aka maido. Biki a ƙauye kuwa dama janareto ne ko batirin sola. Shi ƙaramin janareto wutarsa hawa da sauka take yi, musamman idan mai ya kusa ƙarewa ko an haɗa shi da firji. A tayar da shi ya daidaita kafin a jona fiyano, a kuma cire fiyano kafin a kashe shi. Sitabilaiza ba ta kai kuɗin gyaran fanel ba, balle sabon kaya.

Amma ba kowane shiru ba ne mutuwa, kuma a nan ne wasu masu gyara ke cin kuɗin banza. Fiyano na zamani da yawa na kashe kansu idan an bar su kamar minti 30 ba a taɓa ba, haka aka ƙera su, kuma ana iya cire wannan tsari. Idan wuta ta kama amma babu sauti, a fara duba ramin abin saurare na kunne. Da zarar an soka wani abu a ciki, lasifikan jiki na yin shiru, kuma wani lokaci kan waya ne ya karye ya maƙale. Akwai kuma wani saiti mai suna Local, wanda idan hannun yaro ya kashe shi, ko ka danna har gobe ba za ka ji komai ba.

Idan kuwa maɓalli ɗaya ko biyu ne suka ƙi kuka, ko suke fita da ƙarfi fiye da sauran, yawanci ƙurar hunturu ce ta shige ƙarƙashin robar da ke ƙasansu. Mai gyaran rediyo mai natsuwa zai buɗe ya goge da sifirit. Kada a zuba man keke ko kananzir, domin suna cin robar. Gurnanin da ake ji a lasifika kuma sau da yawa daga waya mai rauni ne, ko an shimfiɗa wayar sauti a jikin ta janareto.

Mai ba da haya ta riƙa liƙa suna a jikin adaftarta, ta ƙirga ta cikin kaya wajen fita da wajen dawowa. Idan kuma za a ajiye fiyanon har bayan damina, a cire batura shidan nan, domin ruwansu na tsiyaya ya cinye ƙarafan ciki, sannan a lulluɓe shi da zane.