Jirin Tsofaffi Da Abin Da Ke Kawo Shi

In tsoho ya ce jiri na ɗibarsa, abin da a kan ce masa shi ne, "Ai tsufa ne, Baba, sai haƙuri." In an yi ƙoƙari a kira wanzami ya yi masa ƙaho, shi ke nan. A ganina wannan bai isa ba. Jiri alama ce kamar hayaƙi, wanda ya gan shi kuwa sai ya nemi inda wutar ta ke. Tsohon da jiri ya kayar ya kan karye a kwatangwalo, da yawansu kuwa daga wannan kwanciya ba su sake tashi. Tun da ya ke mutanen gari su kan kawo wa malamin makaranta kowace irin tambaya, ya kamata mu san abin da za mu faɗa musu.

Abu uku ke taimakon mutum ya tsaya sosai: idonsa, da jin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke yi, da wani sashe can cikin kunne, bayan dodon kunne. A nan akwai 'yan bututu uku lanƙwasassu, cike da ruwa. In ka juya kai, ruwan ya motsa, sai labari ya tafi ƙwaƙwalwa. Ku tuna da yara masu wasan hajijiya. Yaro ya tsaya, amma ruwan kunnensa bai tsaya ba, kamar ruwa a ƙwarya in ka juya ta ka ajiye, don haka ya ke ganin gari na juyawa. Saurayi in ɗaya cikin ukun nan ya yi rauni, biyun su kan rufa masa asiri. Tsoho kuwa sau da yawa duk ukun sun ragu.

Saboda haka tambayar fari ita ce, yaushe jirin ke zuwa, kuma yaya ya ke ji?

In ya ce ɗaki ne ke juyawa da shi sa'ad da ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai sama, ko ya sunkuya ruku'u ko sujada, abin kuma bai cika minti guda ba ya wuce, to, mai yiwuwa ne laifin na kunne ne. Kusa da bututun nan akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da tsakuwoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, jinsinsu ɗaya da ɓawon ƙwai. Da tsufa, ko bayan an bugu a kai, waɗansu su kan ɓalle su faɗa cikin bututu. Ko yaushe kai ya karkata sai su gangara su tura ruwan, ƙwaƙwalwa ta zaci mutum juyawa ya ke yi, alhali kuwa yana kwance. A 1952 likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana hanyar gane shi: a juya kan mara lafiya gefe, a kwantar da shi rigingine da sauri, a dubi idonsa. In wannan ciwo ne, sai a ga ƙwayar idon tana fizga. A 1992 kuma wani likita na Amurka, John Epley, ya buga bayanin maganinsa, wanda ba sha ba ne, ba allura ba. Likita ya kan juya kan mutum da jikinsa daki daki, yana dakatawa kamar rabin minti a kowane juyi, har tsakuwoyin su gangara su koma jakarsu. Mafi yawan mutane su kan warke da yi ɗaya ko biyu, ko da ya ke ya kan komo wa waɗansu. Abin tausayi ne a ce dattijo ya shekara yana tsoron kwanciya a kan ɓarin damansa saboda abin da a ke gyarawa cikin minti kaɗan. Amma kada wani cikinmu ya gwada shi da ka, gama wuyan tsoho ba abin wasa ba ne.

In kuwa ya ce ba juyawa ba ne, duhu ne ke rufe masa ido in ya miƙe tsaye, wannan sha'anin jini ne. Sa'ad da mutum ya tashi, jini ya kan yi ƙasa, sai jijiyoyi su matse nan da nan su mai da shi kai. Na tsoho su kan yi jinkiri. A asibiti a kan auna jininsa yana kwance, a sake aunawa yana tsaye. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da tashinsa, an gane dalili. Rashin shan ruwa ya kan jawo haka, balle da bazara ko cikin azumi, tsofaffi kuwa ba su cika jin ƙishirwa ba ko da jikinsu na bukata. Haka kuma maganin hawan jini in ya yi yawa, da maganin barci. Sai ya kwashi dukan magungunan da ya ke sha, har na gargajiya, ya nuna wa likita, kada ya bar shan wani da kansa. Kafin nan ya riƙa tashi a hankali, ya zauna bakin gado tukuna, ya motsa ƙafafu, sa'an nan ya miƙe.

Ƙarancin jini ma na sa jiri, ko don tsutsar ciki, ko rashin abinci mai kyau, ko gyambon ciki mai tsiyayar jini, wanda a kan gane da baƙin bayan gida. Ku dubi cikin fatar idonsa da tafin hannunsa. In sun yi fari, ƙaho ba abin da zai ƙara masa sai rauni. Mai ciwon sukari kuma, in ya sha magani bai ci abinci ba, ya kan ji jiri da gumi da rawar jiki.

Akwai kuma wanda zai ce kansa lafiya lau, ƙafarsa ce ba ta kama ƙasa. A duba idonsa ko yana ta rufe shi, a duba ko ƙafafun sun mutu ba su ji. Irin wannan zama wuri ɗaya ke ƙara lalata shi. Ya riƙa tafiya kullum da sanda, a bar masa fitila da dare, a kawar da igiya da turmi daga hanyarsa. Ƙwayoyin jiri da a ke saye a kasuwa, in an daɗe ana sha, sa barci su ke yi, su kuma hana ƙwaƙwalwa sabawa.

Sai dai akwai jirin da ba ya jiran wayewar gari. In ya zo farat ɗaya, baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko yana ganin abu biyu biyu, ko ya kasa tsayawa sam, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Haka kuma in ya zo da ciwon ƙirji, ko suma, ko matsanancin ciwon kai, ko kunne guda ya kurmance nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko magani, gama mai yiwuwa ya shaƙe. A lura da lokacin da abin ya fara, don likita zai tambaya, a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a.