Masu aikin lafiya na sa kai a karkara: wa zai nome musu gona?

 Hirarmu ta yau a kan wani mutum ce da kowa ya sani a garinsu, amma ba a cika tunawa da shi ba sai ran da yaro ya kwana da zafin jiki. Dattawa suna ce masa sekuris, yaran yanzu suna cewa rele. Manomi ne kamarka, ko matar aure kamarki. Gari ne ya zaɓe shi, aka kai shi gidan likita aka koya masa aiki, ya komo gida yana yi. Ba ya cikin ma'aikatan gwamnati, ba shi da albashi irin nasu. Ɗan alherin da akan ba shi wani lokaci ba ya cika rumbu.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Bayan samun mulkin kai a 1960, likitocin Nijar ƴan kaɗan ne, kuma galibinsu a birane suke. Mutumin ƙauyen Mayahi ko na Tasawa, in ciwo ya kama shi, sai ya yi wuni a kan jaki kafin ya ga mai allura. To, a cikin shekarun nan na 1960 aka soma wata dabara, kuma jihar Maraɗi na cikin wuraren da aka fara ta. Ma'aikatan animasiyo da na lafiya su zo gari, a taru a ƙofar maigari, a ce wa jama'a su fitar da mutanen da suka yarda da su. Maza su zama sekuris. Mata kuwa, akan ɗauko ungozomomin da dama su ne ke karɓar haihuwa a garin. A tafi da su horo na ƴan kwanaki, ba ya cika wuce mako biyu ba. Su komo da akwati. A cikin na sekuris akwai nibakin na zazzaɓi, da asfirin, da jan maganin nan na miki, da maganin ɗigawa a ido, da bandeji. Ungozoma kuma an koya mata wanke hannu da sabulu, da yanke cibi da sabuwar reza, don a tsare jariri daga cutar nan da ke sandarar da shi har ya kasa kama nono, wadda likitoci ke kira tetanos. Ana sayar da ƙwayar magani da kuɗi kaɗan, a tara, a je a sake cika akwati.

Abin ya yi suna har waje. A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani littafi a kan ƙasashen da jama'a ke riƙe da lafiyarsu da hannunsu, aka ware babi guda a kan ƙauyukan Maraɗi. Shekara uku bayan haka, a 1978, ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyet ta wancan zamani, suka amince cewa kiwon lafiya daga ƙauye ya kamata ya faro. Kun ga ke nan, abin da manya suka sa wa hannu a can, kakanninmu sun riga sun taɓa shi a nan.

Amma ka tambayi tsofaffin garinku ina akwatin nan yake yau. A garuruwa da yawa ya mutu, kuma yadda ya mutu shi ne abin da nake so mu tsaya a kai. Wani ya karɓi magani bashi, ya ce sai kaka. Sekuris yana jin nauyin ya bi surukinsa bashin ƙwaya biyu. Kuɗi suka ƙare, akwati ya zama wofi. Likitan da ya kamata ya riƙa zagayowa yana duba aiki, yau babu mai a mota, gobe shi kaɗai ne a gidan likita ba mai tsare masa. Sekuris ya ga ba mai zuwa, ba mai tambaya, ga gonarsa ta yi ciyawa saboda jinyar mutane. Rani na yi sai ya ɗauki jakarsa ya tafi ci-rani Kano ko Katsina kamar kowa. Wa zai ga laifinsa? Wani wurin kuma tun daga zaɓe aka ɓata: maigari ya ba ɗan ƙanensa, don ana zaton akwai wani abu a ciki.

Yau tsarin ya sake. Asibitin gunduma yana Tasawa, wani yana Mayahi. Ƙarƙashinsu akwai gidajen likita na manyan garuruwa, irin su Korgom, Urafan, Maijirgi, Kanambakashe da Isawan, kowanne da shugabansa da muke kira majo. Tun daga 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, waɗanda ake ce wa kaz, da ma'aikaci mai horon watanni. A 2006 kuma gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuɗin awon ciki. Duk da haka akwai ɗimbin garuruwa da tunga-tunga da ke nesa da kowane gini mai tuta, ga yashi, ga amalanken shanu mai tafiyar hawainiya. Can ne rele yake, kuma aikinsa ya fi na sekuris na da yawa.

Ɗauki awon hannun yaro. Wani ɗan zare ne na roba mai launi uku, ana naɗa shi a tsakiyar damtsen yaro daga mai wata 6 zuwa shekara 5. In ya tsaya a kore, lafiya. In ya tsaya a rawaya, wato tsakanin santimita 11 da rabi da 12 da rabi, yaro ya fara ramewa, a kula. In ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, a kai shi likita ran nan, kada a jira ranar kasuwa. Haka in ka danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa, ka ɗaga, ramin ya zauna. Rele ne ke bi gida-gida da zaren nan, kuma shi ke koya wa uwaye su riƙa awon da kansu.

Ɗauki kuma maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, aka fara shi a Nijar a 2013. Yara daga wata 3 zuwa shekara 5 ake ba, sau ɗaya kowane wata a watannin ruwa. Na ranar farko a gaban mai rabawa yaro ke sha. Na rana ta biyu da ta uku a hannunki ake bari, uwa, kuma in kika ɓoye shi don wata rana, kin rage ƙarfin na farkon. Bari in faɗa a nan tun da mun zo kansa: nibakin ɗin da iyayenmu suka sani ya daina cin zazzaɓin cizon sauro, ƙwayar cutar ta saba da shi, an kuwa canza magani tun tsakiyar shekarun 2000. Yanzu sai an ɗiga jinin yatsa an gwada kafin a ba da magani. A garuruwan da suka fi kilomita 5 daga gidan likita akan horar da rele ya yi wannan gwaji, ya ba da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ga mai zawo, ya ƙirga numfashin yaro mai tari a minti guda.

To, ku lura da lokacin da duk wannan ke faɗowa. Zazzaɓi da tamowa a damina suke taruwa, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, daidai lokacin noman fari da maimai. Ranar da rele ya yi yana bin gidaje da magani, ranar ce maƙwabcinsa ya yi da hauya a gona. In ya raka mai naƙuda gidan likita, wuni biyu sun tafi. Mu da muka san gayya, muna yi wa surukai, muna yi wa malamin gari, me ya hana mu yi wa wanda ya bar gonarsa don ƴaƴanmu? Samari goma da safiya ɗaya sun gama masa noman fari. A ganina wannan ya fi kowace takardar yabo da za a ba shi a taro.

Wani zai ce, ai akwai ƙungiyoyi, su biya shi mana. Gaskiya baƙi sun taimaka, ba mai musu. Samarin Amurka ƴan aikin sa kai sun zauna a ƙauyukan Nijar daga 1962 har 2011, wasunsu suka iya Hausa kamar jakin Kano. A yunwar 2005 ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar dubban yara a jihar Maraɗi da abincin nan na gyaɗa da madara da mata ke kira biskit. Amma ko a lokacin, masu awon yara, masu dafa kunu, masu kwana a kan marasa lafiya, mafi yawansu ƴan ƙasa ne. Baƙo kuma yana da ranar tafiya. Ƙungiya takan zo da shirin shekara biyu ko uku, kuɗinta su ƙare, ta naɗe tabarma. Garin da ya jingina relensa ga kuɗin ƙungiya kaɗai, ran da motar ta daina zuwa aikin ya tsaya.

Akwai kuma hakkin da ke kan shi rele, da na majo. Rele ba likita ba ne, kuma mafi alherin abin da ya koya shi ne sanin inda iyakarsa take. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, wanda ke amayar da duk abin da ya sha, wanda ke jijjiga, ko wanda ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan ba na akwati ba ne. A rubuta takarda, a ɗaura shanu, a tafi. Ungozoma ma yau aikinta ta tura mace awo, ta raka ta ɗakin haihuwa tun naƙuda ba ta yi nisa ba. Relen da ya fara yi wa mutane allura a zaure don a ce da shi likita, ku kai maganarsa gaba tun bai yi ɓarna ba. Shi kuma majo, in rele ya aiko mara lafiya da takarda, ya karɓe shi da mutunci, ya mayar da amsa. In aka wulaƙanta wanda ya aiko sau ɗaya a gaban mutane, an karya shi a garinsu, ba mai ƙara jin maganarsa.

A ajinmu na yaƙi da jahilci na taɓa samun wata mata, rele ce a garinsu, shekarunta sun haura arba'in. Ta ce abin da ya kawo ta shi ne rajista: kowane ƙarshen wata sai ta nemi ɗan makaranta ya cika mata, shi kuma ya rubuta abin da ya ga dama. Lambobi muka fara da su, sannan sunayen watanni, sannan sunayen yaran unguwarsu. Kafin damina ta zagayo, ita ke cika abinta, tana kuma karanta ranar da magani zai lalace a jikin kwali.

Saboda haka in an zo garinku zaɓen rele, ku tambayi abu uku kafin ku ɗaga hannu: yana zama gari rani da damina, ko ɗan ci-rani ne? Mata za su yarda ya shigo gida, su gaya masa abin da ke damunsu? Ya iya karatu da rubutu ko da na Hausa ne, ko kuwa zai yarda ya shiga aji? Ku sa mace a ciki, don yawancin aikin a cikin gida yake. Kuma kada a watse daga taron sai an tsai da ranar da za a shiga gonarsa, an faɗi sunayen waɗanda za su zo da hauya.

Masu sauraro a ƙungiyoyin rediyo, ku tattauna wannan da malaminku, ku rubuto mana yadda ake yi a garinku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.