Akwai shi a rajista, ko babu?

A watan Nuwamban 2020, da yaƙin Tigray ya koro dubban mutane daga Habasha, aka sake buɗe sansanin Um Rakuba a jihar Gadarif ta Sudan. Da birnin Wad Madani ya faɗi a yaƙin Sudan a Disamban 2023 kuma, sai ga 'yan ƙasar su ma sun kwararo jihar. Kafin a ba mutum katin abinci, ma'aikacin rajista sai ya duba abu ɗaya: an taɓa rubuta shi? Mutane na layi cikin rana, amsar kuma tana can cikin rumbun bayanai mai sunaye birjik.

Yadda aka yi wa kwamfuta tambayar ke sa ta sauri ko nawa. Misali, ka aiki yaro sito ya dubo ko akwai buhun riɗi mai tambarin Alhaji. Da ya ga na farko zai dawo. Ka ce ya ƙirgo su, to sai ya juya kowane buhu. A harshen SQL, wanda ake tambayar rumbun da shi, umarnin "akwai?" daban, na "nawa ne?" daban. Masu koyo da yawa kan sa kwamfuta ta ƙirga alhali e ko a'a suke nema.

Sai dai "babu" ta fi wuya. Sabon zuwa ba ya ciki, don haka kwamfutar za ta bi layi-layi har ƙarshe kafin ta tabbatar. Maganin wannan shi ne fihirisa, jerin lambobi a tsare, kowace na nuna inda bayanin mai ita yake. Sai a buɗe tsakiya, a watsar da rabin da bai dace ba, a sake rabawa. Cikin lambobi miliyan ɗaya, rabawa 20 ta isa. Fihirisar na cin wuri, kuma tana ɗan rage saurin shigar da sabon suna, amma a ganina arha ce.

Lambobi na ce, ba sunaye ba. Muhammad Adam nawa ne a Gadarif? Usman ɗaya, wannan ma'aikacin ya rubuta Osman, wancan Uthman, na uku da haruffan Larabci, kwamfuta kuwa ta ɗauke su mutum uku. Shi ya sa hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ke ɗaukar hoton yatsu da na ƙwayar ido, ta haɗa da lambar mutum. Wanda ya manta yadda aka rubuta sunansa bara, sai ya ɗora yatsa a kan na'ura.