Ernest Okonkwo: Mai sharhin rediyon da ya raɗa wa 'yan ƙwallon Najeriya sunaye

Lokacin da aka sanar da rasuwar tsohon kyaftin ɗin tawagar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, Christian Chukwu, a watan Afrilun 2025, jaridu da gidajen rediyo da laƙabinsa na "Chairman" suka riƙa ambatonsa. Matasa da dama sun ji sunan ba tare da sanin inda ya samo asali ba.

Wanda ya raɗa masa shi, Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya, ya rasu tun watan Agustan 1990. Amma har yau, idan tsofaffin 'yan wasa da ma'aikatan rediyon da suka yi zamani da shi suna tuna baya, sunansa na cikin na farko da ke fitowa.

Wane ne shi?

Okonkwo ɗan asalin Jihar Anambra ta yanzu ne. Ya kama aiki da Hukumar Watsa Labarai ta Najeriya a 1957, hukumar da aka sake wa fasali a 1978 ta koma Rediyon Tarayya. Ya biyo sawun Ishola Folorunsho, wanda ya riga shi yin suna a sharhin wasanni, kuma ya yi aiki tare da irin su Sebastian Ofurum da Tolu Fatoyinbo. Emeka Odikpo na cikin matasan da suka taso a bayansa.

Da Turanci yake sharhi, amma muryarsa ta karaɗe ƙasar baki ɗaya. A wancan zamani talabijin sai gidan wane da wane, ita kuwa rediyo tana teburin mai shayi, tana shagon tela, tana ofishin gwamnati. An sha ganin 'yan kallo a cikin filin wasa da ƙaramar rediyo manne a kunne, suna kallon wasan da idonsu, suna kuma sauraron yadda zai bayyana shi. Masu talabijin ma kan rage sautinta su kunna rediyo.

Yadda aikin yake

Mai sauraro murya ɗaya yake ji, alhali a bayanta akwai ayari guda. Injiniyoyi ne ke fara isa fili su ja wayoyi, su gwada layin da zai kai sauti zuwa tasha. Akwai mai tsara shiri da ke lura da lokaci, da abokin sharhi da ke karɓa idan gwanin ya tsaya shan iska. Layi na yankewa, duk iya zancen mutum ya tashi a banza. Wannan dogaro da juna ne ke ƙulla zumunci mai ƙarfi tsakanin ma'aikatan irin wannan ɗaki.

Shi kuwa mai sharhin, dole ya haddace sunayen 'yan wasa 22 da lambobinsu kafin a busa usur, ya kuma iya gane kowa daga nesa ta gudunsa ko tsayinsa. Cikin minti 90 ba shi da damar yin shiru, domin a rediyo shiru na sa mai sauraro ya ɗauka batir ne ya mutu. Yana faɗin wanda ke riƙe da ƙwallo, da ɓangaren filin da take, da inda ta dosa, yana maimaita sakamako da lokaci saboda wanda bai daɗe da kunnawa ba. Muryarsa na hawa idan an tunkari raga, ta sauka idan wasa ya lafa.

Gwanin kirari

Inda Okonkwo ya yi wa tsaransa fintinkau shi ne raɗa suna. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan, domin a fagen dambe da kokawa kirari ne ke ɗaga ɗan wasa, kamar yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago.

Laƙabansa kuma daga halin mai su yake ciro su. Chukwu ya zama "Chairman", wato shugaba, saboda yadda yake jan ragamar 'yan baya cikin natsuwa. Segun Odegbami, wanda ya tashi a Jos ya kuma karanta aikin injiniya a Ibadan, ya zama "Mathematical", mai wasa da lissafi. Dogon mai tsaron raga Emmanuel Okala ya zama "Man Mountain", mutum kamar tsauni. Adokiye Amiesimaka yana ɗalibin shari'a a Jami'ar Legas aka raɗa masa "Chief Justice", wato alƙalin alƙalai, daga baya kuwa ya zama kwamishinan shari'a na Jihar Ribas. Odegbami ya sha rubutu a jaridu yana tunawa da mutumin da ya ba shi sunan da ya bi shi har tsufa.

Ranar kuka da ranar murna

A watan Nuwamban 1977 Najeriya ta karɓi baƙuncin Tunisiya a Legas, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya. Ɗan baya Godwin Odiye ya sa kai zai kawar da ƙwallo, sai ta faɗa ragar gida. Kalaman da ake tunawa da su daga bakin Okonkwo a ranar ba su fi huɗu ba: Najeriya ta ci Najeriya. Tunisiya ce ta tafi Ajantina a 1978.

A ranar 22 ga Maris, 1980, a filin nan dai na Surulere, Najeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema, ta ɗauki kofin nahiyar Afirka karo na farko. Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Chukwu kofin. Miliyoyin 'yan ƙasa ta rediyo suka halarci wannan biki.

Abin da ya rage

A yau matashin Kano ko Kaduna na iya jero 'yan wasan Arsenal da Real Madrid da ya saba gani a gidan kallo, amma ya kasa kawo sunan mutum biyar a ƙungiyar garinsu. Dalilan suna da yawa, ciki har da kuɗi da tsarin gasar cikin gida. Rashin muryoyin da za su tallata 'yan wasan gida ma yana cikinsu, domin zamanin Rangers ta Inugu da Raccah Rovers ta Kano da Mighty Jets ta Jos, rediyo ce ta shigar da sunayen 'yan wasansu gidajen mutanen da ba su taɓa taka filin wasa ba.

Tashoshin FM masu shirye-shiryen wasanni da Hausa sun yawaita, kuma suna da masu sauraro. Abin da ake buƙata shi ne horar da matasan masu sharhi, da tura su filayen gasar cikin gida, da kuma adana faifan sharhin magabata tun waɗanda suka yi aiki da su suna raye, suna iya bayanin yadda aka yi shi.