Koyar da Ilmin Taurari a Makarantun Firamare ta Hanyar Aikin Hannu

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda malamin firamare zai koyar da taurari ta hanyar abin da yara za su yi da hannunsu, ba haddar sunaye daga kan allo ba. Tun daga shekarar 1922 masana suka tsayar da rukunan taurari 88, amma ɗora wa ɗan aji huɗu waɗannan baƙin sunaye ɓata lokaci ne, domin kuwa yana da nasa tun daga gida.

Bahaushe ya san Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, ya san Zara matar wata, ya kuma san Gamzaki mai fitowa da asuba. Bayan waɗannan akwai lissafin taurari 28 da muka samo daga Larabawa, wanda Mervyn Hiskett ya yi nazarinsa cikin waƙoƙin Hausa a 1967. A wannan lissafi kowane tauraro kwana 13 yake yi, sai Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365 ke nan. Saboda haka aikin farko shi ne a tura kowane yaro wurin kakanninsa ko malamin unguwarsu ya rubuto sunayen da suka sani da abin da ake yi a lokacin kowanne. Wannan darasin harshe ne kafin ya zama na kimiyya, kuma yau akwai gaggawa a cikinsa, ganin masu riƙe da sunayen tsofaffi ne, hasken lantarki kuwa ya dushe sararin birane.

Aiki na biyu na ƙwarya ne. A ɗiga siffar Kaza da 'Ya'yanta, tare da Dabaran mai bin bayanta, a huda da basilla, a kife ƙwaryar bisa tocila mai ƙwai ɗaya cikin ɗaki mai duhu, sai taurarin su bayyana a rufin ɗaki. Wajibi ne a yi zanen ta cikin ƙwaryar. Idan aka yi shi ta baya, siffar za ta fito a juye, dama ta koma hagu, yaro ya fita waje ya kasa gane ta. Inda babu ƙwarya, kwali ya wadatar.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran amfani, ba ya bukatar komai sai littafin rubutu da haƙuri. Yaro ya zaɓi wuri ɗaya a tsakar gida, ya tsaya nan da ƙarfe takwas na dare, ya zana inda Kaza take bisa ga wata bishiya ko kan katanga. Agogo za a bi, ba kiran salla ba, domin lokacin lisha yana motsawa. Bayan kwana 13 ya sake zanawa. Zai tarar ta gusa yamma da kimanin digiri 13, watau ɗan fiye da faɗin dunƙulallen hannu idan aka miƙe shi. Dalili kuwa shi ne duniya tana zagaya rana, don haka kowane tauraro yakan riga jiyansa fitowa da kusan minti huɗu. A nan ne yaro zai gane da kansa cewa kwana 13 ɗin malaman hisabi ba ƙage ba ne: da'irar sama ce mai digiri 360 aka raba gida 28. Watannin Disamba zuwa Fabrairu sun fi dacewa, sai dai a kauce wa daren da hazo ya yi kauri ko farin wata ya yi ƙarfi.

Da wannan awo na hannu za a iya neman tauraron arewa, wanda a Kano yake kimanin digiri 12 sama da doron ƙasa, daidai da nisan birnin daga layin da ya raba duniya biyu.

Akwai wuri ɗaya da ilmin gida da na makaranta suka saɓa, kuma bai kamata malami ya ɓoye shi ba. Zara ta maraice da Gamzakin asuba abu ɗaya ne, watau Zuhura, wadda duniya ce mai zagaya rana, haskenta kuma na aro ne. Ana nuna wannan da fitila a tsakiyar aji, yaro ɗaya ya tsaya a matsayin duniyarmu, wani ya riƙe lemo yana kewaya fitilar a tsakaninsu. 'Yan aji za su ga lemon wani lokaci yana hagu da fitila, wani lokaci dama, amma ba ya taɓa yin nisa da ita, wanda shi ya sa ba a ganin Zara a tsakiyar sama da tsakar dare.