KANYA TA NUNA, BIRI YA KARYE

Duk wanda ya tashi a ƙasar Batsari ko Safana ya san alherin Dajin Rugu. A dā, in kaka ta wuce, mata da yara daga Runka da Ruma da ƙauyukan kewaye sukan shiga gefen dajin su ɗebo kanya da magarya, kamar yadda suka ɗebo ɗinya tun da farkon kaka. A ci, a yi maɗi, a kai saura kasuwa a sami na gishiri. Ba wanda ya shuka, ba wanda ya yi ban ruwa.

To, al'amari ya sāke. 'Yan bindiga suka mai da dajin mafaka, har a 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta hana manyan motoci ɗauko itacen wuta daga daji. Itatuwa na can suna 'ya'ya, masu ci sun kasa zuwa. Watau kanya ta nuna, biri ya karye. Ko ƙura ta lafa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka shawararmu ita ce a jawo dajin zuwa gida.

Mu fara da kanya, don ita ce mai wuyar sha'ani. Mutane da yawa ba su sani ba, kanya tana da mace da namiji, kuma macen kaɗai ke 'ya'ya. Ba a rarrabe su suna ƙanana. Wanda ya dasa guda ɗaya yana iya shekaru yana jira, a ƙarshe ya tashi da inuwa kawai. Sai a dasa huɗu ko biyar, ko maƙwabta su haɗa kai, gama ƙwari ne ke kai garin fure daga wannan itace zuwa wancan.

A zaɓi ƙwallo daga itacen da aka san zaƙinsa, a jiƙa shi ya kwana, a shuka cikin leda mai ƙasa da taki. Kada ya daɗe a ciki, don saiwarsa ƙasa take nufa. In damina ta zauna, wajen watan Yuli, a dasa nesa da katanga da rijiya, saboda kanya ƙatuwa takan zama. A kewaye ta da ƙaya. Akuya ɗaya ta isa ta ɓata aikin shekara biyu kafin a idar da sallar La'asar. Da rani kuwa, ruwan alwala ya ishe ta.

Kanya ba ta sauri. Kafin ta girma, a sa magarya a gefe, wadda ke 'ya'ya da wuri, musamman in an yi mata aure da irin Indiya mai manyan 'ya'ya. Tsakaninsu a sa zogale da rama da yakuwa da kuɓewa, uwargida ta riƙa samun na miya.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. Maƙwabtanmu na Maraɗi, tun daga 1983, suka fara barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon sarewa. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama bai kai namu ba.

Muna kira ga malaman makaranta su keɓe wuri a bayan aji, kowane yaro ya reni nasa ya kai gida. Akawuna da ma'aikatan ƙananan hukumomi su fara da gidajensu, don talaka abin da ya gani yake koyi da shi. Dashen itace sadaka ce mai gudana. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa jikokinmu su ci daga abin da muka dasa, amin.