Kafin Ku Ƙwace Ƙwallon Nan Daga Hannun Yaronku

Sakamakon jarrabawa ya fito, yaronku ya zo na 22 a aji. Maigida ya murtuke fuska, uwargida ta ce ai dama kullum yana filin ƙwallo. Nan take aka yanke hukunci: daga yau ba wasa, ba zane-zane, sai littafi. Kafin ku zartar da wannan hukunci, ku ɗan saurari labarin Tobi Amusan.

An haife ta a Ijebu Ode a 1997, iyayenta duka malaman makaranta ne. Ita da bakinta ta ba da labarin yadda mahaifinta ya taɓa ƙona kayan atisayenta don yana son ta mai da hankali ga karatu, mahaifiyarta ce ke rufa mata asiri idan za ta fita gudu. Gudun nan da ake hana ta shi ya samo mata gurbin karatu kyauta a Jami'ar Texas da ke El Paso a Amurka, inda ta yi digiri. A watan Yulin 2022 kuma, a birnin Eugene, ta yi tseren tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12, ta kafa sabon tarihin duniya. Mahaifinta ba mugu ba ne. Tsoron da ke ranku shi ne ya kama shi: kada wasa ya cinye karatu. Sai ga shi wasan ne ya biya kuɗin karatun.

Ku fara da lura

Baiwar yaro ba ta shela, a ƙananan abubuwa take leƙowa. Wace sabga ce yaronku ke yi har ya manta da abinci? Wani bangon ɗaki yake cikawa da zanen gawayi, wata kuma ta tara ƙannenta tana tsara musu tatsuniyar da ba wanda ya taɓa ji. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin Abuja na wancan lokaci, wato Suleja ta yau, a 1954. Da an kore ta daga yumɓu saboda ɓata tufafi, da ba mu san sunanta ba.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kada ku auna ƙane da mudun wansa, kuma kada ku ɗora wa yaro burin da ku kuka kasa cimmawa.

Yabon da ke ginawa

A 1998 masu binciken halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada 'yan firamare. Waɗanda aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun riƙa zaɓen aiki mai sauƙi don kada su faɗi, kuma suka karaya da suka haɗu da mai wuya. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa sun fi jurewa. Saboda haka maimakon "kai haziƙi ne", ku ce "na ga yadda ka zauna kan lissafin nan har ka warware shi". Ranar da ya faɗi jarrabawa ko aka ci su a fili, ku tambaye shi abin da ya koya, ku ajiye gori. Yaron da ke tsoron dawowa gida da faɗuwa zai daina gwada abu mai wuya.

Ku tsara yini

Yaran namu na tashi daga boko su wuce Islamiyya, ga aike, ga darasin gida. Idan ba ku ware wa wasa lokacinsa ba, satar lokacin zai yi daga karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, likitocin yara kuma na cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Ku zauna da shi ku yi yarjejeniya: a gama aikin makaranta, sannan a tafi fili, a dawo kafin magariba. Wayar hannu ta kwana a ɗakin iyaye.

Kada kuma ku ɗaure ƙaramin yaro ga wasa ɗaya tilo shekara zagaye. Yawan maimaita motsi iri ɗaya na jawo ciwon gaɓoɓi da gundura. Ku bar shi ya ɗanɗana ƙwallo, gudu, langa, zane, ɗinki, zaɓi zai zo da kansa idan ya tasa.

Gaskiya ce, cikin ɗimbin yaran da ke buga ƙwallo a unguwanninmu, ƙalilan ne za su zama Ahmed Musa. Shi ya sa ba a sakin littafi. Amma yaron da ya saba sammakon atisaye, ya iya shan kaye ya miƙe, da wannan halin zai shiga ɗakin jarrabawa. A wannan makon, ku je bakin fili ku kalle shi ko da sau ɗaya, ko ku karɓi littafin zanenta ku buɗe shafi-shafi ku tambaye ta labarin kowane hoto.